Farar Saniyar da Ntate Ya Ɗaure a Bango

Litinin, 10 ga Yuni, da hantsi

Mme, wato mahaifiyata, ta tafi Mapholaneng, gidan iyayenta. Ta ɗauki ƙanwata Nthati da jaka ɗaya da keken ɗinkinta na hannu. Ntate, mahaifina, ya ce in an tambaye ni in ce ta je duba jikin kakarmu ta can. Kakarmu ta can lafiyarta ƙalau, ko makon jiya an gan ta tana bin jaki da jifa.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya bayan an taso daga coci ba. Maganar da Mme ta yi a bakin ƙofa kawai zan rubuta, don tun jiya take yawo a kaina:

"Tun Ista nake tashi da asuba ina fasa ƙanƙarar bokiti ina dafa maka ruwa, ka yi wanka, ka sa takalmin aiki, ka fita. Ka fita zuwa ina, Lebona? Duk garin Mokhotlong an sani, ni kaɗai ce sakaryar da ba a gaya wa ba."

Ntate ya tsaya yana kallon bokitin.

A littattafan da nake karantawa, in mace ta fita da jaka, namijin yakan bi ta a guje cikin ruwan sama, gaban rigarsa a buɗe. Ntate jan bargonsa ya yi ya rufe har hanci.

Talata, da yamma

Ni na tuƙa papa yau, tuwonmu na masara. Nkhono, kakata da ta haifi Ntate, ta ɗanɗana ta ce a ajiye mata saura, akwai ramin ɓera a ɗakinta da take son toshewa.

Alhamis, 13 ga Yuni, bayan cin abincin rana

Ntate ya daina fita da safe. Takalmin aikin yana nan bayan ƙofa, ba mai kallonsa, ba mai taɓa shi. Muna kiran abin "hutun Ntate". Wato ni nake kiransa haka. Sauran ba sa kiransa komai.

Ɗazu muna zaune a rana jikin bango, sai ya buga cinya ya ce, "Moliehi, na gano abin da ke damun uwarki. Ruwa ne."

Nkhono ta cire tabar da ke ƙasan leɓenta ta dube shi. "Wane ruwa?"

"Ba ki ji abin da ta ce ba, Mme? Ƙanƙara, bokiti, asuba. Mace ta gaji da dafa ruwa. Hita zan sa a gidan nan. Ta murɗa famfo kawai, ruwan zafi ya zubo."

"Da wane kuɗin?"

Ya shafa aljihun ƙirjinsa. Ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa yana ciki, wanda aka ba shi ranar da... ranar nan dai.

Nkhono ta ce, "Na haifi 'ya'ya bakwai, shida sun zo da hankali."

Na so in ce, Ntate, ba ruwa ba ne. Har na buɗe baki, sai maganar ta maƙale kamar yadda take yi mini a aji. Daga baya kuma na yi tunani. A littafin nan mai jan bango, attajirin tsibiri guda ya saya wa yarinyar don ta yafe masa. Mu ba mu da teku. Wataƙila hita ce tsibirinmu.

Asabar, 15 ga Yuni, da la'asar

Ya zo.

Mai aikin famfon nake nufi. Sunansa Mokete. Ya sauko daga a-kori-kura cikin bargo mai ruwan toka da hular sanyin nan mai rufe fuska duka, idanu kaɗai a waje. Amma wane irin idanu! Masu zurfi, kamar na wanda aka taɓa yaudara a wata ƙasa mai nisa. Muryarsa kuma daga can ƙasa take fitowa. Ya ce mini, "Sannu, Ausi," wato 'yar'uwa, sai shayin da na kawo ya tuntsure a kan kare.

Na laɓe bayan labule na ji duk abin da suka ce.

Ntate ya ce, "Na riga na tambayo a shago. Dubu biyar da ɗari biyar. Ka ɗaura ta kawai."

"In ɗaura ta a ina, Ntate Lebona? Ɗakinku ba silin. Sai dai a waje, jikin bango, kan ƙarafa. Ruwa kuma daga ina? Famfonku yana tsakar gida. Sai an ja bututu, a binne shi har gwiwa, in ba haka ba sanyi ya same shi."

"To, bututu."

"Da bawul mai rage ƙarfin ruwa, da na fitar da tururi, don kada ta tashi da ku sama. Da wayarta ita kaɗai tun daga mita, da makunninta. Sannan rigar sanyi."

"Rigar wa?"

"Tata. Akwai ta a shago, mai ƙyalli. Da soson da ake naɗe bututu. Nan ba birnin Maseru ba ne, kan duwatsu muke. Nan ko fitsari ka yi a Yuli sai ka karya shi da sanda."

Ko wannan maganar a bakinsa ta yi daɗi.

Da ya faɗi jimillar, ta kusa ninka kuɗin hitar. Ntate ya yi tari mai tsawo. Nkhono ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Shanun da aka biya aka auro ni ba su kai haka ba, ga shi har yau ina aiki ba a sa mini wuta."

Ntate ya ce a yi komai, ban da rigar da soson. Wai waɗannan ƙawa ce, kuma abin da cikinsa ke tafasa ba ya jin sanyi. Mokete ya ɗaga kafaɗa. Kafaɗun ma masu faɗi ne.

Lahadi

Ba mu je coci ba. Ntate ya ce mura yake ji tana tahowa.

Litinin, 17 ga Yuni, da rana

An kawo ta. Fara ce, doguwa, mai ƙiba, sai da mutum huɗu suka ɗaga ta. Nkhono ta zagaya ta sau biyu tana bubbuga cikinta da sanda, ta ce, "Farar saniya. Ba ta haihuwa, ba ta noma, sai cin wuta." Sunan ya zauna.

Maƙwabciyarmu Mme Mathato ta jingina da waya tana kallo. Ita ce ta yi wa Mme jaje a ƙofar coci ranar nan, a gaban matan zumunta. Ba zan rubuta jajen me ba.

Ta ce, "Ntate Lebona, ashe hutu yana da riba haka? Bari in ce wa nawa mijin shi ma ya ɗauka."

Ntate ya yi kamar ƙusa yake nema a ƙasa.

Laraba, 19 ga Yuni, da yamma

Ntate ya ce shi zai haƙa ramin bututun da kansa don a rage kuɗi. Ƙasar ta daskare kamar dutse, in ya sara diga sai ta dawo masa. Tafin hannunsa duk ya yi ƙulu-ƙulu. Na shafa masa man da Mme take shafa wa Nthati. Ya sunsuna hannun.

Na ce a raina, yanzu zai ce wani abu. Sai ya ce, "Kina ganin ya kai gwiwa?"

Na rubuta wa Mokete waƙa mai baiti huɗu. Ba zan ba shi ba. Na san dai in ya cire hular nan akwai tabo a kumatunsa na hagu, kuma ba ya son a tambaye shi labarinsa.

Juma'a, 21 ga Yuni, da azahar

Ya cire hular don ya ci papa da kabeji.

Babu tabo. Babu haƙoran gaba. Akwai furfura har cikin kunne. Nkhono ta ƙura masa ido ta ce, "Kai! Ba kai ne Mokete ɗan Mapalesa ba, wanda ya yi ta bin ƙanwata da rake tana korarsa?" Ya yi dariya har kabeji ya fito.

Na sa waƙar a murhu. Ta ɗan ɗumama ɗakin.

Asabar, 22 ga Yuni, da yamma

Ruwan zafi ya zo! Daga famfo, a ɗan ɗakin wankan da Ntate ya gina bara. Tururi ya cika ko'ina har madubi ya rufe. Na sa hannuna a ciki na ƙi cirewa. Nkhono ta ce ita ba za ta yi wanka da ruwan da bai ga wuta da idonsa ba.

Ntate ya sa rigarsa ta coci, don waya kawai, ya kira Mme. Da ta ɗauka bai ko gaishe ta ba, sai ya ce, "Mamoliehi, saurara," ya kara wayar a bakin famfo ya murɗa. Ya bar ta tana jin shaaa har mita ta fara ƙyafta ido.

Da ya mayar kunne, na jiyo muryarta: "Na ji. Ba ni Moliehi."

Ta tambaye ni ko ina cin abinci, ko ina sa safa biyu, ko Nkhono tana shan maganinta. Sannan ta rage murya. "Ya ce miki wani abu?"

"Ya ce lita ɗari da hamsin take ɗauka."

Na ji ƙarar keken ɗinki ta tsaya. Ta ce, "To," ta kashe.

Ntate ya ce, "Me ta ce? Ta yi mamaki ko?"

Na ce e.

Lahadi

Murar Ntate ba ta iso ba har yanzu, amma tana hanya.

Talata, 25 ga Yuni, da sassafe

Bututun da ke fita daga cikin saniyar ya fashe kafin gari ya waye. Ruwa ya yi ta zuba yana daskarewa. Yanzu saniyar tana da gemun ƙanƙara tun daga bango har ƙasa, tsakar gida kuma ta zama gilashi. Zakara ya fito da gadararsa, santsi ya kwashe shi, bai tsaya ba sai a ƙofar bayi. Katin wutar da Ntate ya saya na wata guda ya ƙare, don saniyar ta kwana tana dafa ruwan da ke tsiyayewa.

Ntate ya tsaya a ƙofa cikin bargo yana kallo. Irin kallon da ya yi wa bokiti.

Ban yi dariya ba. Zakaran ne kawai.

Talata dai, da la'asar

Ntate Mokete ya zo ya canza bututun. Bai ce "na gaya maka" ba, amma ya yi ta fito ta gurbin haƙoransa, wanda ya fi zafi. Ya ce ranar Asabar ana sa ran dusar ƙanƙara, in ba a rufe tankin da bututun ba, wannan karon ita kanta za ta tsage, a yi jana'iza.

Ntate ya juya ambulan ɗin ya girgiza. Ba abin da ya faɗo.

"Dole sai mai ƙyallin?"

"Ita dai a rufe ta. Ko da me. A lulluɓe, a sa leda daga ciki don jiƙa."

Laraba, 26 ga Yuni, da yamma

Nkhono ta tafi zaman makoki ƙauyen ƙawarta, sai gobe. Da tana nan da ba a yi ba.

Mun duba barguna. Duk wanda ke gidan nan akwai mai shi, kuma mai shi yana cikinsa. Saura guda ɗaya, a akwatin ƙarfe kan kabad: bargon auren Mme, shuɗi mai zanen masara, wanda dangin Ntate suka yafa mata ranar da aka kawo ta. Ba ta sa shi sai Kirsimeti da bikin manya.

Ntate ya ce, "A'a. Kashe ni za ta yi."

Sai bakina, wanda bai taɓa buɗewa lokacin da ake bukatarsa ba, ya buɗe. Na ce, "Ntate, a wani littafi, da matar ta tafi, mijin ya ɗaura gyalenta a saman hasumiya don duk duniya ta san yana jiranta."

"Ta dawo?"

"A doki. Tana kuka."

Ya yi tunani. Ya ɗauko tsani.

Ya naɗe saniyar tsaf, ya soke da ƙaton fil ɗin Mme a wuya. Bututun kuma muka sa masa tsofaffin safa. Daga titi in ka hango, sai ka rantse Mme ce ta hau bango ta kwanta tana kallon gari.

Alhamis, da rana

Nkhono ta dawo. Ta tsaya a bakin shinge ta ɗaga kai, ta daɗe.

"Lebona! Wa ya koya maka yafa bargo layinsa a kwance? So kake arzikin gidan ya tsugune? Hau ka miƙar da shi!"

Ya hau ya gyara, layin ya tsaya. Na jira ta ce a sauke. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta ce, "Bar shi nan. Kada wanda ya taɓa."

Mme Mathato ta ɗauki hoto da wayarta. Wai don kyan zanen.

Juma'a

Na je sayen kalanzir. Mai shago ya yi mini ta'aziyyar Mme, wai ya ga hoton bargon. Wata mata ta ce a'a, ba rasuwa ba ce, saki ne, ai ga kayanta an fara jefowa waje. Suka yi ta musu a kaina kamar ba na wurin. Na dawo ba canjin.

Asabar, 29 ga Yuni, da yamma



Mme ta zo. Ba a doki ba, a motar haya, kuma ba kuka take ba. Ta sauko da Nthati da jakarta, ta bar keken ɗinkin a can. Ba ta shiga gida ba. Ta tsaya gaban bango, hannu a ƙugu. Kafin ka ce me, unguwa ta cika bakin waya, har da masu tsayar da dawakai.

"Lebona. Mene ne wancan?"

"Hita ce, Mamoliehi. Lita ɗari da..."

"Abin da ke jikinta nake tambaya. Jiya mutum uku suka zo yi wa uwata gaisuwar mutuwata, ina zaune ina ɗinki! Sauko mini da bargona."

Ya sa tsani. Fil ɗin yana ta sama, sai da ya hau kan kwanon rufi ya kwanta rub da ciki ya miƙo hannu. Yana cirewa bargon ya zamo, Mme ta cafe. Sai Nkhono ta taɓa ni da sanda ta ce, "Kama nan, yarinya." Na kama. Ban san me muke yi ba sai da na ga mun kwantar da tsanin a ƙasa, ta zauna a kai.

Ntate ya leƙo ya ce wa Nkhono, "Mme! Mayar mini da tsani!"

"Sai ka faɗa wa matarka abin da ta zo ji. Ni ba inda za ni, na ci abinci."

"A gaban mutane?"

Mme Mathato ta ce, "Mu ai mun sani, Ntate. Ita za ka gaya wa."

Dusar ƙanƙara ta fara sauka, ƙanana-ƙanana, tana zama a kan hularsa. Ya zauna a bakin rufin, ƙafafunsa na lilo kamar yaro. Ya dubi duwatsu, ya dubi saniyar, ya rasa abin kallo, sai ya dubi Mme.

"An sallame ni. Tun Alhamis ɗin Ista. Aikin hanyar ya ƙare, suka rage mu. Kullum in na fita, bayan tashar mota nake zama da jarida ɗaya har yamma. Na kasa gaya miki. Na ce gobe, gobe na ce jibi. Kunya na ji ki gan ni a gida da rana tsaka kamar kaza."

To, tunda ya faɗa daga kan rufi gaban duk unguwa, ni ma zan iya rubutawa. An sallami Ntate daga aiki.

Mme ta ce, "Da ka gaya mini ranar, da na yi kuka na dafa shayi, da safe mu san abin yi. Ni na ce maka ruwa nake so?"

"Kin ce ƙanƙara, da bokiti..."

"Kuɗin sallamar fa?"

Ya nuna saniyar da ƙafa.

Ba wanda ya yi motsi. Ko dawakan. Mme ta nemi wurin zama ta zauna kan tsanin kusa da Nkhono, ta rufe fuska da bargon. Kafaɗunta suka fara rawa. Har yanzu ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Nkhono ta dafa bayanta ta ce, "Haka ubansa yake. Na taɓa cewa ƙafata na ciwo, ya sayo mini jaki."

Daga sama Ntate ya ce a hankali, "Mokete ya ce in ta kwana tsirara yau, tsagewa za ta yi."

Mme ta miƙe ta yafa bargonta, ta soke fil ɗinta a ƙirji. "Saniyarka ce. Ciro na jikinka ka rufa mata."

Ya cire. Ya naɗe ta da nasa bargon yana karkarwa cikin 'yar shet, Nkhono na yi masa ihu a kan layin bargon. Sai da ya gama muka mayar da tsanin.

Mme ta ce motar ƙarshe ta wuce, shi ya sa za ta kwana. Ta riga ta ce wa direban da ya kawo ta ya biyo ta nan ranar Litinin da safe. Jakar tana bakin ƙofa, ba ta buɗe ta ba.

Lahadi, da rana

Mun je coci, mu duka. Ntate a cikin tsohon bargon Nkhono mai furanni, ya tsaya masa a cinya. Ba wanda ya yi dariya sai da aka gama addu'a.

Sun daɗe a kicin su biyu, ƙofa a rufe. Na ji "keken ɗinki", na ji "rigunan makaranta", na ji "kai za ka riƙa kaiwa kasuwa". Na ji kuma "ban ce na haƙura ba".

Jakar tana nan inda take.

Litinin, 1 ga Yuli, da hantsi

Mme ta sayi katin wuta da kuɗinta, ta ce tunda an riga an yi ɓarnar, bari ta ga abin da aka sayar da hankali aka saya kafin ta tafi. Ta shiga ɗakin wanka. Tururi ya yi ta fitowa ta ƙasan ƙofa. Ntate ya zauna a kicin yana juya cokali a kofin da ba komai.

Sai ga motar Mapholaneng a bakin shinge. Direban ya danna hon. Ya sake dannawa. Ntate ya dubi jakar, ya dube ni. Nthati ta riƙe mini siket.

Na je na ƙwanƙwasa. "Mme, motar ta zo."

Ruwan ya tsaya. Na ji ɗigarsa a baho, ɗis, ɗis.

"Moliehi."

"Na'am, Mme."

"Ce masa ya tafi. Ina cikin ruwa."

Direban yana can nesa, injinsa na ruri, gilashi a rufe, motar cike da mutane duk suna kallon gidanmu. Ni da ko sunana ba na iya faɗa a aji sai malama ta ce in maimaita. Na fita ba takalmi, na tsaya cikin dusar ƙanƙara, na cika ƙirjina da iska, na ƙwala masa saƙon.

Nkhono ta ce har a asibiti an ji ni.